Taku Goma Sha Shida

"Ba zan ba ɗan Labbo ɗiyata ba. Sau nawa kike son in hwaɗa miki, Rauda?"

Malam Hodi bai ɗaga murya ba, kuma abin da ya fi yi mata ciwo ke nan. Da tsawa ya daka mata, da ta ce zafin gari ne, in an yi la'asar zai huce. Amma ina! A hankali ya faɗa, yana zaune kan buzunsa a inuwar darbejiyar tsakar gida, kamar mai cewa a miƙo masa buta.

Rauda na durƙushe gabansa, hawaye sun riga sun jiƙa gaban hijabinta. Shekararta ashirin da shida, malama ce a wata makarantar 'yan mata nan cikin Argungu, mace mai tsayar da ɗalibai sittin da kallo ɗaya. Amma a gaban ubanta ko muryarta ta kasa tsayarwa.

"Baba, don Allah mi ya yi maka? Ko gaisuwa ba ka bari ya zo ya yi ba."

"Bai yi mani komi ba. Na bincika, an ce mutumin kirki ne, mai sallah. Da ubanai ne ba ni haɗa zuri'a."

Shekaranjiya ne baffannin Muhyiddeen, ɗan Labbon, suka aiko wani dattijo daga Birnin Kebbi, suna neman a sa musu ranar zuwa gaisuwar neman aure. Malam Hodi ya ba shi fura, ya raka shi har bakin titi, ya ce a yi haƙuri. Yau kwana biyu ke nan Rauda ba ta ci abin kirki ba.

"Ni ba ni yi miki dole," in ji shi. "Abdussamadu ɗan ƙanwata ya nema, ran Asabar mutanenai za su zo jin amsa. In kina so, alhamdu lillahi. In ba ki so, kawo wani, ko daga ina ne. Amma ban da gidan Labbo."

To ai matsalar ke nan. Abdussamadu ba shi da aibin da mutum zai nuna. Yana da injin casar shinkafa a Augie, yana da kunya, ko ƙuda bai taɓa kashewa da gangan ba. Laifinsa ɗaya, shi ba Muhyiddeen ba ne.

"Baba, abin nan shekara talatin da uku fa."

Nan ne ya ɗago ya dube ta. Ya sa yatsu biyu a baki ya zare haƙoransa na roba na gaba guda huɗu, ya riƙe su a tafin hannunsa. Leɓensa na sama ya faɗa ciki, nan take ya tsufa a gabanta.

"Shekara talatin da uku," ya ce, iska na zuba tsakanin kalmomin. "Sun tsiro?"

Ta sunkuyar da kai. Wa ye a gidan nan bai san labarin badujala ba? Da shi aka yaye su.

Tun suna ƙanana, in Malam Hodi ya ci ya ƙoshi, sai ya kwashe su da labari ya mai da su kwalejin horon malamai ta zamanin samartakarsa. 'Yan badujalar su arba'in cif, masu bigila goma sha biyu, sauran ganguna da kuge. Yadda suke goge bigila da toka da lemun tsami har mutum ya ga fuskarsa a ciki. Yadda suke shanya ganguna da hantsi don fata ta ɗame. Farin wando, jar ɗamara, hula a karkace. Ga Saje Dikko, tsohon sojan da ke koya musu, wanda in ka ɓata taku ɗaya sai ka zagaye fili sau goma da bigilarka a sama. In suka fito gari, mata su ajiye taɓarya su leƙo ta katanga, masunta su tsaya da homa a kafaɗa suna kallo.

"Ni ke tsakiyar layin gaba," yakan ce, ido na ƙyalli. "In na hura, har bakin gulbi a Matan Fada ana ji na."

A gaban kowa kuwa akwai mai sanda, wanda ke jan badujalar da doguwar sanda mai kan tagulla. Labbo Tamba ke nan, ɗan Birnin Kebbi. Shi da Hodi ɗaki ɗaya, kwano ɗaya, in an ga ɗaya sai a tambayi ina ɗayan.

Sai gasar ranar 'yancin kai, shekara ɗaya bayan an ba mu jiha. Yauri ta zo Birnin Kebbi, Jega ta zo, ga 'yan Zuru waɗanda da maci a ƙafa ake haihuwarsu. Amma 'yan Argungu na da wani abu da ba wanda ya iya. In sun iso gaban rumfar manyan baƙi sai ganguna su ɗauke ɗif. Taku goma sha shida ba kiɗa, kowa na ƙirgawa a ransa. A na sha huɗu Labbo zai cilla sanda sama ya juyo ya fuskance su. A na sha shida kowa ya tsaya cak, bigila a baki, sandar ta sauko hannun Labbo taku ɗaya gaban Hodi, a daidai lokacin da bigila goma sha biyu za su tsage sama.

Ranar nan sandar ba ta sauka a hannun Labbo ba. A kan bigilar Hodi ta sauka, ta tura masa ƙarfen cikin baki.

Kofi ya tafi Zuru. Babban jami'in badujalar 'yan sanda da ya zo takanas don ya ga Hodi ya ɗauke shi aiki, ya ninke takardarsa ya koma. Wanda ba shi da haƙoran gaba ba ya hura bigila, wannan ko makaho ya sani.

"Labbo ya ga manya, ya ga 'yan mata, kai ya kumbura," in ji Malam Hodi, yana mai da haƙoran bakinsa. "Tashi ki ba ni wuri, Rauda. Asabar nike jira."

Ranar Alhamis ta kai ɗalibanta talatin Birnin Kebbi gwajin faretin ranar yara. A filin faretin nan suka haɗu da Muhyiddeen shekara biyu da suka wuce, kuma da faɗa suka fara. Mai gangarsa ne ya ɓata wa 'yan matanta taku, ta taka har gabansa ta wanke shi tas, shi kuwa ya tsaya yana murmushi kamar an ba shi kyauta. Muhyiddeen malamin motsa jiki ne a wata sakandare, shi ke koya wa badujalar makarantar.

Yau babu murmushin. Da aka ba da hutu ya same ta a inuwar tankin ruwa, ya tsaya ɗan nesa yadda ya saba.

"Kin rame, Malama."

"Kai ma ai ba ƙiba ka yi ba."

Ta gaya masa zancen Asabar. Ya dubi ƙasa, yana murza usur ɗin da ke wuyansa.

"Ni ma Baba ya zaunar da ni," ya ce. "Cewa ya yi in bar ki. Wai Malam Hodi na da gaskiya, hannunsa ne ya goce, kuma ba ya son a sake tayar wa bawan Allah da ciwo."

"Shi ke nan? Ba zai ko je ya ba shi haƙuri ba?"

"Na roƙe shi har da kuka, Rauda. Ya ce zuwansa ba zai yi wa babanki daɗi ba. Kin san bayan abin nan a gaban dukkan ɗalibai Saje Dikko ya kwance masa ɗamara? Bai ƙarasa kwalejin ba. Albasa ya koma saye da sayarwa, har yau ita yake yi."

Wannan ba ta sani ba. A labarin gidansu, daga faɗuwar sanda sai asibiti, ba a ƙara ambaton Labbo.

"Akwai abin da ke damuna," ya ci gaba, yana rage murya. "Baba ne ya koya mani jefa sanda, da gora, a tsakar gidanmu a Gwadangaji, nan gefen Birnin Kebbi. Shekara ashirin ina kallon hannun nan. Ido rufe yake cilla ta. Wallahi ban taɓa ganin ta sauka ko da tazarar yatsa daga inda ya nufa ba."

Ta ɗago ta dube shi.

"Mi kake nufi?"

"Ba na nufin komai."

"A'a, ƙarasa mana! Babana ƙarya yake yi? Shi ya ɗauki sanda ya fasa bakinsa? Ka taɓa ganinsa yana cin nama? Yankawa ake yi masa ƙanana-ƙanana kamar na jinjiri, Muhyiddeen. Ka taɓa ganin namiji ya ji ana busa a rediyo ya tashi ya shige ɗaki?"

"Yi haƙuri. Ban ce haka ba."

"Ka ce!"

Kuka ya ƙwace mata, ta juya baya don kada ɗalibai su gani. A can tsakiyar fili wata babbar ganga na bugawa dum, dum, tana ji har cikin ƙirjinta.

"Ki saurare ni," ya ce. "Ina son ki, Allah ne shaida, kuma ban san yadda zan yi da raina ba in kika zama ta wani. Amma ba zan kai ubanki ƙara wurin kowa ba, ba kuma zan sa ki saɓa masa ba. In Asabar ta zo kika ce Abdussamadu, ba zan riƙe ki a zuciya ba."

"Abin da ke kashe ni ke nan," ta ce cikin shassheƙa. "Kowa mai haƙuri ne. Kai haƙuri, babanka haƙuri, Abdussamadu haƙuri. Ba wanda zai yi mugunta in samu wanda zan tsana in huta."

Aka hura usur, hutu ya ƙare. Haka suka rabu, ba sallama.

Ranar Juma'a da ta taso makaranta ta tarar da mahaifiyarta, Inna Hauwa'u, a bayan ɗaki tana turara shinkafa a rabin ganga, hayaƙi ya turnuƙe wurin. Malam Hodi daga masallaci fadama ya wuce, ana sussukar shinkafar rani.

Rauda ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna.

"Inna, na yanke. Gobe zan ce na amince da Abdussamadu."

Inna ba ta juyo ba. "Kina son shi?"

"Zan koya."

"Na ce kina son shi?"

"Inna, to ya zan yi? Jiya har faɗa na yi da Muhyiddeen. Wai hannun babansa ba ya kuskure. Ki ji fa! Mutanen da ko laifinsu ba su gama yarda da shi ba, ta yaya Baba zai zauna da su?"

Sai ta ga muciyar ta tsaya a hannun Inna. Tsohuwar ta janye itace daga murhu, ta goge ido da gefen zane, ta zauna a ƙasa daɓas, abin da Rauda ba ta taɓa ganin ta yi ba.

"Ya hwaɗi gaskiya," in ji ta.

"Wa?"

"Ina wurin, Rauda. Makarantarmu anka kai mu kallo. Lokacin babanku ya hwara zuwa gidanmu zance, ni ko ji nike duk duniya ba wanda ya kai ni. Can saman benci munka zauna, ana ganin layi sarai kamar an ja da zare."

Ta dubi murhu, ta ci gaba.

"Da ganguna sunka ɗauke, filin nan ya yi tsit, sai ƙarar takalma. Na hango shi a gaba, bigila na walƙiya. Ban san sadda ta kubce mani ba. Guɗa na rangaɗa, irin ta kakata, wadda ya sani ko cikin mata dubu."

"Inna..."

"Ya ɗago ido wajena. Ido kawai, bai ko juya kai ba. Kowa ya tsaya a na sha shida, shi ya ƙara ɗaya. Jama'a duka sama suke kallo, wajen sanda. Ni kaɗai ke kallon shi, na ga ƙahwarsa ta hita layi. Inda hannun Labbo ke jira, nan ya kai bakinai."

Rauda ta dafe ƙirji. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Shi Labbon bai sani ba?"

"Wanda ya juyo shina kallon su? Ya sani mana. Amma tun kahin a ɗauke babanku daga ƙasa na ji shi da kunnena shina ce ma Saje, hannuna ne, hannuna ne. Shina kuka, jinin abokinai a riga."

"Baba fa? Shi ya san ya ƙara?"

Inna ta girgiza kai, hawaye na bin kumatunta.

"Ban sani ba. Shekara talatin da ɗaya muna ɗaki ɗaya, ban taɓa tambaya ba, bai taɓa hwaɗi ba. In shina ba ku labari tashi nike in shiga madafa. Kin taɓa jin na yi guɗa a bikin wani, ko na yayyenki?"

Ba ta taɓa ji ba. Dangi har gori suke yi wa Inna, wai jikar maguɗiya guda amma ba ta gaji komai ba.

"Na yi shiru don in rufa ma mijina asiri," in ji Inna. "Amma ban iya kallo shirun nan ya ci ɗiyata. Ga ta nan na ba ki. Ki yi abin da kika ga dama da ita, ko da aurena ne zai tahi."

Bayan la'asar Rauda ta hau babur zuwa fadama. Duk hanya tana shirya maganarta. Tambaya ɗaya ce tak: Baba, taku nawa ka yi? Ta san in ta yi ta a gaban Inna da baffanninta, an gama, gobe war haka an sa wa gidan Labbo rana.

Ta same shi a bakin gona, masu sussuka sun tashi, shi kaɗai yana ɗinke bakin buhu. Wandonsa a naɗe, laka har gwiwa, ƙaiƙayi a gemunsa. Ya kama zaren da gefen baki yana ja, don ba shi da haƙoran gaban da zai datse da su.

Wallahi nan duk abin da ta shirya ya zube. Wannan fa shi ne mutumin da ya goya ta a keke zuwa makaranta shekara shida. Labarin nan shi ne kaɗai abin da ya rage masa na samartaka. Ta ƙwace shi ta bar masa me?

Ta durƙusa a kan kunyar gona.

"Baba, barka da aiki."

"Lahiya kinka biyo ni har nan?"

"Na zo in faɗa maka amsata tun kafin gobe. Na amince da Abdussamadu."

Ta zaci zai ce Allah ya yi albarka. Ya ajiye basillar a kan buhu, ya tsura mata ido.

"Dube ni."

Ta kasa.

"Rauda, tun kina ƙarama in kina magana da ni bakina kike kallo. Yau ƙahwata kike kallo. Innarki ta yi magana ko?"

Ta fashe da kuka. "Ba ta ce komai ba, Baba. Ni dai na amince. Don Allah a bar shi haka."

Ya zauna a kan buhun a hankali. Can nesa wani injin ban ruwa na ta tututu.

"Sha bakwai na yi," ya ce.

"Baba, ka bari."

"Ke ki bari. Tun ƙahwata na sama na san na ɓata. Mai bigila bai manta ƙirgenai, ko shina barci."

Ya share fuska da tafin hannu.

"Mako biyu bakina a ɗinke, ban iya magana. Ina kwance mutane na shigowa, kowa Allah ya isa ga Labbo, kowa sannu Hodi. Ran da anka kwance zare na ce gobe in hwaɗi. Gobe ta zo an riga an kore shi. Na ce bari in warke. Daga nan na ba da labarin sau ɗaya yadda mutane ke son ji, na ga ya zauna. Na sake. Har na kai in ina ba ku ina jin haushinai da gaske."

"To mi ya sa ka ƙi shi haka, Baba?"

"Ƙi? Ni ban ƙi Labbo ba. Kunyatai nike ji. Ki duba, ɗiyata: ya shigo zaurena, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa shina roƙona iri. Shi! Mutumin da na ci ma karatu, na ci ma suna. In zauna bisa buzu in ce na ba ku? Gara ƙasa ta tsage."

Hawaye suka zubo masa. Rauda ba ta taɓa ganin hawayen ubanta ba, sai ta rufe fuskarta da hijabi.

"Ya ɗaukar mani shekara talatin da uku bai ce uffan ba," in ji shi. "Innarki ta ɗauka. Yanzu ke ma kin zo da ƙuruciyarki ki ɗauka, kina ce mani kin amince. Mutum nawa za su biya taku guda?"

Ya miƙe tsaye, ya karkaɗe hularsa ya sa.

"Ki aika ma Muhyiddeen... a'a, kada ki aika. Ubanai ba zai tako gidana ba."

Zuciyarta ta yanke ta faɗi. "Baba?"

"Ni za ni Gwadangaji."

"Yanzu? Subhanallahi! Baba, uban mace ba ya zuwa gidan masu nema. Mi mutane za su ce? Cewa za a yi talla ka kai ni."

"Su ce. Ba zancenki za ni kai ba, nawa za ni kai. In na gama, in ya ga dama ya aiko, in ya ga dama ya rufe mani ƙofa. In ya rufe, to ki sani ni na kashe miki aure, ba shi ba. Abdussamadu kuwa ni da ƙanwata ne, ba ruwanki."

Ya kama hanyar titi, tana biye da shi tana tuntuɓe a kan kunyoyi.

"To ka biya gida ka sake kaya. Dubi laka, Baba."

"In na shiga gida ba ni hitowa. Na san kaina."

Ta zaro waya. Ko bai juyo ba ya san abin da take shirin yi.

"Mai da ita. In sun san ina tahe za su shimhiɗa mani tabarma, su yanka kaza. Ni ko a tsaye nike son in yi maganar ga, a ƙohwar gida, inda maƙwabta ke ji."

Suka iso bakin kwalta. Ta tsaya gefensa tana kuka, ba ta san ko murna take ba ko tsoro. Ta dai san ba ta taɓa son ubanta kamar yau ba, kuma ba ta taɓa jin tausayin wani mahaluki haka ba.

Wata tsohuwar mota ta taho daga cikin gari, ta rage gudu. Direban ya leƙo, ya dubi lakar, ya dubi dattijon.

"Baba, ina zuwa?"

Malam Hodi ya ɗaga yatsa.

"Birnin Kebbi," ya ce. "Mutum guda."